Dandamali a Kan Tsirkiya Ɗaya

Akwai wata sana'a a harkar wasan kwaikwayo da ba a cika jin sunan masu ita ba. Mutum zai ɗauki wasan da wani ya rubuta don a yi shi da maganar baki, wasan da kan ci awa biyu ko fiye a dandamali, ya warware shi, ya zubar da abin da zai zubar, ya sake ƙulla ragowar ta zama gajeren wasa da ake rerawa da kiɗa. Labarin yana nan, mutanen cikinsa ma su ne dai, amma nauyin da zance ke ɗauka a da, yanzu waƙa ce ke ɗauke da shi. A Amurka da Ingila akwai waɗanda wannan aiki ya ciyar da su ya tufatar da su har suka tsufa a kansa. Mu a ƙasar Hausa ba mu raɗa masa suna ba, ba mu buɗe masa aji a makaranta ba, amma mun yi gwaninsa, kuma da wuya a sami Bahaushen da ya haura shekara talatin bai taɓa jin muryarsa ba. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos nake nufi.

Abin da ya sa na tayar da zancen a Minna shi ne gari ne da alƙalami ba baƙo ba ne a cikinsa. Nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, nan aka haifi Ben Okri a 1959. Marigayi Abubakar Gimba, wanda ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, nan ya zauna yana rubutunsa. Cibiyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya kafa ta daɗe tana renon 'yan sakandare har su iya tsayawa gaban jama'a su karanta abin da suka rubuta. Ga zauren wasanni na U.K. Bello, ga kuma hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO. Wannan ta ƙarshe da gangan na ambace ta. Littattafan wasan kwaikwayonmu na Hausa, irin su Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu da Kulɓa Na Ɓarna, yau kusan jarrabawa ce kaɗai ke riƙe da ransu. Ɗalibi ya haddace jigo da warwararsa, ya haddace sunayen taurari, ya amsa tambaya, ya rufe littafi, bai taɓa ganin wasan yana tafiya da ƙafafunsa ba. Laifin ba nasa ba ne, haɗa cikakken wasa da 'yan wasa ashirin abu ne mai cin kuɗi da lokaci. Na minti goma sha biyar mai waƙa kuwa, aji ɗaya ma zai iya, in akwai wanda ya san yadda ake yanka shi.

Ɗan Maraya ya sani, ko da yake ba a ɗakin karatu ya koya ba. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu yaron yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin garin ya ɗauke shi ya riƙe, laƙabin maraici kuma ya bi shi har ya danne sunansa na yanka. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Da ya so, da ya bi sawun uba ya tsaya ƙofar fada yana wasa masu rawani, abinci ba zai yanke masa ba. Ya dai yi wa manya waƙa daga baya, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, amma waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron nan mai dauɗar baƙin mai da ke rataye a bayan babbar mota, mai dira da gudu ya sa wa taya katako in an tsaya a hawa. Tun daga nan aka gane mutumin nan halin mutane yake kallo. Mai kallon hali kuwa ya riga ya ci rabin hanyar zama marubucin wasan kwaikwayo.

A dubi abin kiɗan nasa. Gwangwanin kifi ne aka rufe bakinsa da fatar akuya, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya tal. Ba shi da amon kalangun Shata mai cika fili, ba shi da nauyin kotson Narambaɗa. Ka taɓa shi ya yi ƙara, nan take ƙarar ta mutu. Ga shi yawancin waƙoƙinsa shi kaɗai yake yi, babu 'yan amshin da zai jefa wa gindin waƙa ya sarara kafin ya nemo ɗa na gaba. Wani zai kira wannan talauci. Ni ina ganin shi ya tilasta masa ƙwarewa. Makaɗin da ke da taro a bayansa yana iya ɓoye ɗan waƙar da bai nuna ba a cikin amon ganguna, mai tsirkiya ɗaya kuwa ba shi da maɓoya. Kowace kalma sai ta yi aiki, wadda ta zo zaman banza kunne zai kama ta.

A ɗauki waƙarsa ta Gulma-Wuya. Labarin wata magulmaciyar unguwa ce da ke haɗa baki da boka, tana shiga tsakanin miji da mata har aure ya mutu. A 1968 Alhaji Mohammed Sada ya fitar da Uwar Gulma, wasan da shi ma a kan rikicin aure yake, na Halima da mijinta Hayatu, har ta kai su gaban alƙali. Su biyun daga tsakar gidan Bahaushe suka ɗebo, kuma in ka jera su kusa da juna za ka ga sana'ar da nake magana a kai ƙarara. Sada yana da fili. Yana da fitowa bayan fitowa, yana da sallama da gaisuwa da tambayar gajiya, yana da iyaye da zaman shari'a, yana iya barin mutum ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, yadda muke yi a gida. Ɗan Maraya 'yan mintoci gare shi, sai maƙogwaro ɗaya.

Ga yadda yake yi. Maimakon ya ce maka wance ta ce kaza, sai ya zama wancen. Ya sirantar da murya, ga mace ta shigo. Ya kausasa ta, ga namiji. Ya sauya lanƙwasa, ga boka da daɗin bakinsa. Muryar ce sutura, ita ce kwalliya, ba ya bukatar gaya maka wa ke magana. Tsakanin mai magana da mai mayar masa da amsa kuntigi kan yi 'yan bugu, wannan ɗan tsakanin shi ne labulensa: ya rufe, ya buɗe, an bar wannan ɗaki an koma wancan zaure, ba wanda ya ɗaga kujera ko tabarma. In ya ga mai sauraro na neman ɓata, ko lokacin yanke hukunci ya yi, sai ya dawo da muryarsa ta Adamu, ya tsaya gefe ya yi sharhi, sannan ya koma ciki. Mutum ɗaya ne, amma shi ne marubuci, shi ne mai ba da umarni, shi ne taurarin duka, shi ne makaɗi.

Sai dai sauya murya ƙaramin abu ne, yara ma suna kwaikwayon muryar malaminsu in ya fita aji. Babbar gwaninta ita ce sanin abin da za a bari a ƙasa. Mai gajarta wasa ba ya farawa daga sallama, daga inda wuta ta riga ta kama yake farawa, kuma ba ya zama jiran ta zama toka kafin ya tashi. Maƙwabta biyar da ke faɗin abu ɗaya sai su koma mutum ɗaya. Zugar da ta ɗauki wata uku sai ta shige cikin ɗa ɗaya na waƙa. Abin da ke da ciwo a aikin shi ne, sau da yawa fitowar da ta fi ba da dariya a littafi ita za a fara cirewa, don ba ta tura labari gaba. Wanda zuciyarsa ba za ta bar shi ya yanke abin da yake so ba, gara ya bar wasan yadda mai shi ya rubuta.

Sai kuma wahalar da harshenmu ya zo da ita. Ba a ɗaukar maganar littafi a ɗora mata rauji haka kawai. Hausa tana da karin sauti, tana da dogon wasali da gajere, ma'ana kuma a jikinsu take rataye. Mawaƙin da ya ja gaɓar farko ta "gari" don ya cika kiɗa, ya bar birni ya koma wurin niƙa. Saboda haka jimlar da marubuci ya tsara don baki sai an rushe ta an sake gini. Sai an nemo kalmomin da hawansu da saukarsu suka bi raujin, gaɓoɓinsu masu nauyi suka faɗa inda bugu ke faɗawa, kuma duk da haka in an ji su a ce ai kuwa haka mace mai fushi take magana. Nan ne Ɗan Maraya ya yi wa na baya nisa. Saurari Jawabin Aure ko Auren Dole: yana cikin kari daram, amma Hausar ta kasuwa ce da ta tsakar gida, ba a murɗe wa jimla wuya don neman amsa-amo ba. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa yana raye, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. An yi ta yabon wa'azin da ke cikin waƙoƙinsa, ya kuma cancanta, amma ginin da ke ɗauke da wa'azin bai sami rabin wannan yabo ba.

Ba daga sama abin ya faɗo masa ba. In azumi ya kai kwana goma, yara a unguwannin Hausawa, na Kano ne ko na Minna, sukan fito tashe bayan shan ruwa, kuma kowane tashe cikakken gajeren wasa ne mai waƙa. Dubi wanda ake yi wa malam. Yaro ya manna gemun auduga, ya zura babbar riga, ya riƙe allo. 'Yan amshi suna tuhumarsa da yin rawa, shi yana musu yana kafa shaida, kiɗa na daɗa zafi, har ƙafa ta ci amanarsa ya ɓarke da rawar da yake musu. Tuhuma, musu, tonon asiri, duk cikin minti biyu, ba a yi wa kowa huɗuba kan munafunci ba, an dai nuna shi a fili an yi dariya. Mairama da Daudu na 'yan mata darasin zaman aure ne, Jatau Mai Magani kuma hoton mai tallar sauyoyi ne da cika bakinsa. Wadda ke ƙayyade tsawon wasan ita ce matar gida, mai ba da sadaka ko ta ce a ba ta wuri, ga kuma gidaje da yawa a gaba kafin dare ya yi nisa. Yaron da ya yi tashe ya san cewa in bai kama mutane a ɗan farko ba, ya rasa kwabonsa.

Turawan da suka mai da abin sana'a, tambayar da ta fi hana su barci ita ce: a ina ya kamata magana ta tsaya waƙa ta karɓa? Oscar Hammerstein, abokin aikin makaɗi Richard Rodgers a New York, yawancin manyan ayyukansa daga rubutun wasu ya ɗauko su. Oklahoma! na 1943 daga wasan Lynn Riggs ne na 1931, Green Grow the Lilacs, wanda bai daɗe a dandamali ba. Da aka sa masa waƙa sai aka nuna shi sau 2,212 a jere. Abin burgewa shi ne inda Hammerstein ya tono waƙar buɗe wasan. A cikin bayanin da Riggs ya rubuta wa masu shirya dandamali ya same ta, inda yake siffanta yadda safiyar ranar take, bayanin da 'yan kallo ba sa ji ko kaɗan. A 1945 suka ɗauki Liliom na Ferenc Molnár, wasan 1909 da ke faruwa a Budapest, suka mai da shi gaɓar teku a jihar Maine ta Amurka da sunan Carousel. A ciki, lokacin da tauraron, wani shashasha mara aikin yi, ya ji matarsa na da ciki, sai aka bar shi shi kaɗai a dandamali ya yi waƙa ta wajen minti bakwai. Ya fara da alfaharin zai haifi namiji. Tsakiyar waƙa ya tuna ai tana iya zama mace, tsoro ya kama shi. Kafin ya rufe baki ya yanke shawarar zai nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa, shawarar da ita ce ta kai shi ga halaka. Mutumin da ya fara waƙar ba shi ya gama ta ba.

Wani lokacin ma sai an ƙara abin da mai littafi ya tsallake. Pygmalion na Bernard Shaw, na 1913, labarin malamin furuci ne da ya koya wa wata 'yar tallar furanni maganar manyan mutane, amma Shaw ya bar wahalar darussan a bayan labule. Alan Jay Lerner da Frederick Loewe, da suka mai da shi My Fair Lady a 1956, sai suka baje darussan a gaban 'yan kallo, don sun gane a nan waƙa take kwance: maimaici, gajiya, fushi, sannan ranar da harshe ya sake.

A nan gida Yarabawa sun riga mu tsayar da abin a dandamali. Duro Ladipo na Osogbo ya ɗauki tarihin Sango ya yi Oba Koso a 1963 da kiɗa da waƙa, shekara ta zagayo ya kai shi Berlin. Wole Soyinka a 1977 ya ɗauki wasan Bertolt Brecht na 1928, wanda shi ma Brecht daga na John Gay na 1728 ya samo shi, ya mai da shi Opera Wonyosi, ya dasa shi a Bangui ta zamanin Bokassa don ya yi wa masu kuɗin mai na Nijeriya habaici. Mu ma juya littafi ba baƙonmu ba ne: Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Wani zai ce to ai finafinanmu cike suke da waƙa. Haka ne. Tun zamanin fim ɗin Sangaya fiyano ya shiga fim ɗin Hausa bai fita ba, an kuma yi waƙoƙi masu daɗi da har yau ake sa su a biki. Amma a yawancinsu labari tsayawa yake yi ya jira waƙa ta gama. Saurayi da budurwa su sauya kaya su tafi lambu, su gaya wa juna abin da muka riga muka sani, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Salon Indiya aka aro, ba na ganin aibunsa, sau da yawa ma waƙar ce ke sayar da fim ɗin. Sai dai wata sana'a ce dabam. Ka cire waƙa daga irin wannan fim, labarinsa na nan garau. Ka cire waƙa daga Gulma-Wuya ka ga abin da zai rage maka.

A ce wasu ɗalibai a Bosso ko Tunga, nan Minna, sun ɗauki Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, labarin mai dukiyar da ya auro karuwa ta rusa masa gida da arziki. Da ni ne, mutum uku zan bari: Jatau, Kyallu, da uwargida ta tsaya a madadin duk wanda aka zalunta a gidan. Sauran mutanen gari su dunƙule su zama 'yan amshi, su ne masu gargaɗi, su ne kuma masu gulma, don a garuruwanmu sau da yawa baki ɗaya ke yin biyun. Ciniki da rigimar kuɗi a bar su a magana, gajeru-gajeru. Waƙa uku ta isa. Ta farko Jatau ne yana wasa kansa da dukiyarsa, da gindi mai sauƙin kamawa, irin wanda 'yan kallo za su fara bi tun karo na biyu. Ta biyu ta Kyallu ce, kuma nan za a gane ko mai aikin ya isa. In ya bar ta muguwa kawai, wa'azi ya yi. In ya ba ta minti biyu ta faɗi abin da ta gani a duniya har ta daina yarda da alkawarin namiji, 'yan kallo za su ƙara jin tsoronta, don yanzu sun fahimce ta. Ta uku ba sabuwa ba ce. Gindin nan na farko ne, ba a taɓa masa ko kalma ɗaya ba, sai dai yanzu 'yan amshi ke rera wa Jatau shi sannu-sannu yana zaune babu ko sisi. Kirari ya koma zambo ba a ƙara harafi ba. Kayan kiɗa kuwa kalangu ɗaya ya wadatar, ko gurmi, ko kuntigin kansa, ba sai an yi hayar fiyano da janareto ba.

Kafin a fara, akwai ƙofar da za a yi wa sallama, ta mai littafi. Shaw bai ji daɗin yadda aka mai da wasansa Arms and the Man wasan waƙa a Vienna a 1908 ba, saboda haka ya ƙi yarda a mai da Pygmalion wasan waƙa har ya mutu a 1950, shi ya sa My Fair Lady ta makara. Marubuci yana da hujjar jin tsoro, domin mai juya wasa yakan sauya ƙarshe, yakan tausasa mugu, yakan kashe tauraron da aka sha wahalar ginawa. A dokar Nijeriya haƙƙin rubutaccen aiki yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, don haka wasannin su Sada da Maƙarfi da Umaru Ɗanjuma Katsina mai Kulɓa Na Ɓarna duk da masu su, sai an nemi izinin iyali ko na kamfanin da ya buga, musamman in za a karɓi kuɗin ƙofa ko a ɗora a intanet. Wanda ke gaggawar gwada hannunsa kafin amsa ta zo, ga tashe nan, ga kuma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ba su bar magajin da zai kai ƙara ba.